Bitamin ɗin Komanda

Filinge, 9 ga Yuli

Zuwa ga maigidana, Baban Muna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da raƙuman Ngigmi da gwamnati ta ɗora maka lafiyarsu. Yaya aiki, yaya zafi, yaya ciwon bayan nan da kake cewa ba ciwo ba ne? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau uku, an yi shuka, gero ya fito.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Dalili shi ne duk saƙon muryar da na aiko maka, a fada kake buɗe shi, da ƙarfi, abokanka na shan shayi suna saurare. Ranar da na yi maka zancen basur ɗinka, washegari matar direbanku ta kira ni tana ba ni sunan wani sassaƙe. Takarda dai ba ta da lasifika.

Na cika umarninka game da ɗanka na fari, wanda al'ada ta hana ni kama sunansa ko duban fuskarsa, ni kuma da lisans ɗina, digirin kimiyyar halittu, na bi al'adar nan kamar tunkiya shekara goma sha shida. Tunda ya faɗi jarrabawar brebe ka ce a kai shi ƙauye wurin mahaifiyarka Inna, kansa ya ƙi karatu, a gwada hannu. Ka kuma ƙara da cewa Komanda, bijimin ƙanenka Ɗanjimma, ya fi shi amfani, don shi ko ba komai yana jan amalanke. Ina tuna maka wannan ne saboda wayar tana kan tabarma lokacin, shi kuma yana bakin ƙofa. Ya ɗauki jakarsa, na aika masa da guzuri ta hannun ƙanwarsa Muna, na tsaya ina duban bango kamar yadda ya dace da uwa mai kunya, har motar ƙauyenku, Kurfai, ta tashi.

Ni kuma lise, sakandaren da nake koyarwa, ta tura ni atelye, wato taron bita, na kwana uku a kan shaye-shayen matasa. Wani bawan Allah ya zo daga Yamai da na'urar haska hoto. Kwana biyu ana neman wayar da za ta shiga bangonmu, rana ta uku aka same ta, wuta ta ɗauke. Duk da haka mun fito da riga, da hula, da takarda mai alamomi goma sha biyu na yaron da ya fara shan ƙwaya: lalaci, yawan barci, jan ido, saurin fushi, kulle kai a ɗaki, ƙin magana da iyaye, da sauransu. Na zauna na gwada ta a kan mutanen da na sani. Shugaban makarantarmu ya ci takwas. Kai ka ci bakwai, da ba don ina sonka ba da tara ne.

Sai na duba gida na ga Muna. Shekara goma sha huɗu, ɗaki a kulle, ido ja, in an yi mata magana ta amsa da kafaɗa. Biyar cif. Na jira ta tafi ɗiban ruwa na zazzage jakarta, na sami ƙullin ganye busasshe a takardar kaye, littafin rubutunta. Na shinshina, na murza, har na ɗanɗana, ni malamar kimiyya. Lalle ne. Jan idon kuwa na kuka ne, wai wata yarinya a fim ɗin da take kallo a waya ta makance ranar aurenta. Muna ta tarar da ni da koren harshe da jakarta a cinya. Yau kwana biyu ba ta yi mini magana, wanda shi ne alama ta shida.

Ka gaida abokan fada, ka ce musu wannan karon sai haƙuri. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Saratu

Filinge, 30 ga Yuli

Baban Muna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na sami amsarka, layi huɗu, uku a cikinsu kana tambayar ko an biya kuɗin wuta. An biya. Muna ta huce, tana gaishe ka.

Na je ƙauye na kwana biyu, kuma dole in ba ka labarin da za ka yi shekara kana yi mini gori da shi. Ɗanka ya zama manomi. Yaron da a nan gidan in ka ce ya ɗauko guga sai ya tambaye ka wane guga, yanzu tun asuba yake saɓa hauya. Ba ya dawowa sai la'asar. In an kai fura gona sauran su zauna ƙarƙashin gawo, shi ya ce su sha, yana zuwa. Shi kaɗai ya gama noman fari na gonar gabas, wadda kai da Ɗanjimma kuke yin mako a kanta kuna zagin juna.

Inna ta yi ƙuruciya. Ka san mahaifiyarka shekara arba'in tana godiyar Uwar Gona, in an yi wasan bori ita iskar ke hawa. To ta gama bincikenta ta fitar da sakamako, ba kamar ma'aikatar ilimi ba da sai an jira wata guda. Ta ce ƙarfin marigayi mahaifinku ne, Sarkin Noma Ɗandije, ya tsallake ku ku biyu don bai ga wurin sauka ba, ya dira kan jika. Ta ce Uwar Gona ce ta riƙe masa ƙotar hauya. Ta ce boko ne ya danne yaron shekara goma, da ya taka ƙasar kakanninsa sai jini ya tuna. Duk wannan a gabana ta faɗa, tana duban gilashin idona.

Shi kuwa na gan shi kamar yadda aka yarda in gan shi, wato ta gefen ido. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa wa randar da ke bayansa. Na lura ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Tuwo ba ya ci sosai. Yana yawan susa, hannu da wuya, Inna ta ce ƙaiƙayin ciyawa ne. Kuma ya yi baki. Yaron da kalmominsa na yini ba su cika goma ba, na ji shi yana yi wa tsofaffi bayanin yadda ya kamata a gyara rijiyar gari, da ta garin Damana, da ta ƙasa baki ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, na fito da takardar atelye daga jaka na duba. Lalaci, babu. Yawan barci, babu, sai ma rashinsa. Kulle kai a ɗaki, ɗakin ba shi da ƙofa. Ƙin magana, ai sai an roƙe shi ya yi shiru. Sifiri ya ci. A duk zuriyarku shi kaɗai ne ya fito fes. Na ninke takardar da farin ciki, na ce wa Muna ta gaya masa an ce ya yi ƙoƙari. Ban ce ni na ce ba. Ta ce da ta gaya masa sai ya tambaye ta sau biyu wa ya ce.

Ɗanjimma ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce a gaya wa babban likitan dabbobi, shi ya samo bitamin a kasuwar Baleyara da ya fi duk allurar gwamnati. Kowace safiya yana jefa wa Komanda biyu a cikin dusa, bijimin ya yini yana jan taki da ruwa ba ya ko huci. Ya ce da za ka ajiye girman kai da ya koya maka aiki. Na ce zan isar. Na isar.

Inna ta sa ranar gayya, ashirin ga watan gobe, za a yi maimai a babbar gona. Ta gayyaci samarin ƙauye uku da makaɗa, kuma kowa ya san ba ciyawa ce ta dame ta ba, jikanta take son nunawa. An ba ni aikin kopto, kwaɗon ganye, na mutum sittin. Ka yi mini addu'a.

Na san abin da za ka rubuto, cewa kai ka faɗa. To ka faɗa. Allah ya bar mu tare.

Taka,
Saratu

Gidan likita, 22 ga Agusta

Baban Muna,

Ina gaishe ka. Kafin komai, yana da rai, yana numfashi, yanzu haka yana kwance kusa da ni yana barci da ƙarin ruwa a hannu. Ka karanta wannan layin sau biyu sannan ka ci gaba. Abin da na faɗa maka a waya shekaranjiya a guntule yake, don na ji muryoyin fada a bayanka. Ga cikakkensa.

Gayya ta yi kyau, in ana maganar gayya. Samari wajen hamsin suka jera, ganga na tashi, mata na guɗa. Ɗanka ya fita daga layi tun kafin rana ta ɗaga, ya ba na biye da shi tazarar da sai an ɗaga murya. Makaɗi ya bar kowa ya koma bayansa yana yi masa kirarin kakansa. Inna tana tafe tana rawa da zanen bikinta. Ni ina can wurin tukwane, na ba gonar baya kamar yadda ake so, ina dama kopto ina kallon komai a cikin murfin kwanon silba. Kada ka yi dariya. Shekara goma sha shida da irin wannan dabarar na ga girmansa.

Wajen azahar, a cikin murfin na ga ya tsaya. Ya saki hauya, ya faɗi, jikinsa ya sanƙare sannan ya fara fizga. Sai guɗa ta ƙaru. Inna ta ɗaga hannu ta ce Uwar Gona ta hau, kada wanda ya taɓa shi, a kawo farin zane, a kira mai goge. Aka yi da'ira. Wata tsohuwa ta fara yi wa iskar barka da sauka. Kowa murna yake, Baban Muna. Ɗanmu yana shure-shure a ƙasa da kumfa a baki, mutum ɗari suna taya mu murna.

Na zauna gidanku shekara goma sha bakwai, na ga hawan iska ba sau ɗaya ba, na ga na Inna kanta. Wanda iska ta hau ba ya cizon harshensa har jini, leɓensa ba ya yin shuɗi. Ban san lokacin da na jefar da muciya ba. Na ratsa da'irar, na ture wani dattijo da har yanzu ban san ko wane ne ba, na yaye zanen. Na juya shi kan haƙarƙari, na kwance masa wuyan riga, na hana wani mai taimako cusa masa cokali a baki. Inna tana ta cewa Saratu, ɗan fari ne, Saratu, idon jama'a. Da fizgar ta lafa na ɗaga fatar idonsa. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke, bai fi ƙwayar gero ba.

Wannan yana cikin littafin da nake koyarwa. Har a atelye an faɗe shi, a gurguje, ana rabon fanta. Da na dubi yaron nan ido da ido sau ɗaya tak a watan jiya, da na gani. Rabona da duban cikin idonsa tun yana shan nono, shi ma a ɓoye.

Na laluba aljihunsa na ciro katin magani uku, biyu babu komai. Tiramol ne, mai ƙarfin. Ɗanjimma da ke tsaye a kaina ya leƙo, ya ce la, ai bitamin ɗin Komanda ne, shi ya sa kwana huɗu yana nema, har ya zargi ɓeraye, ya zargi matarsa. Ina ajiye amsar sai ka zo mu ba shi tare.

Aka ɗora yaron a amalanke don a kai shi gidan likita. A nan ne Komanda ya ba da tasa shaidar. Kwana huɗu bai sami rabonsa ba. Ya yi taku kamar ashirin, ya tsaya, jikinsa na rawa, hawaye na zuba, ya kwanta a tsakiyar hanya. An ja, an tura, an murɗa wutsiya, Ɗanjimma har roƙonsa ya yi da sunan Allah. Bijimin da ka ce ya fi ɗanka amfani ya dube mu kamar ma'aikacin da ba a biya ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya cece mu. Na hau bayan moto, wato babur ɗinsa, da yaron a tsakiya, na rungume shi, zanena a tattare, gaban surukaina duka. In an ba ka labari an ce an ga gwiwata, gaskiya ne, an gani.

Majo ɗin nan, wato shugabar masu jinya, mace ce, sunanta Habsa. Ko katin maganin ban gama nuna mata ba ta ce ɗan gayya ne ko ɗan noman lada? Ta ce shi ne na uku a daminar bana, kuma duk ukun iyayensu da yabo suka kawo su. Ta ce ƙwayar nan in ta yi yawa ita ke kawo farfaɗiya, wani ba ya tashi. Ta ce kada a yanke masa lokaci guda a gida, su za su riƙa rage masa a hankali, kuma kwanakin da ke tafe ba za su yi daɗi ba. Na nuna mata takardar atelye. Ta karanta ta ce alamomin gaskiya ne, amma na ɗan birni ne da ba shi da gona. Ta ce alama ta fari ita ce yaro ya sauya farat ɗaya, ko da sauyin ya yi wa iyaye daɗi.

Ya motsa, bari in tsaya. Kada ka yanke hukuncin komai sai ka sake ji daga gare ni.

Saratu

Filinge, 19 ga Satumba

Maigidana, Baban Muna,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da bayanka da raƙumanka. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Gero ya yi kai, ana sa ran alheri.

Na saurari shawarwarinka uku da ka bayar a waya. Ta farko, a yi masa dukan da zai tuna. Ta biyu, a kai shi wurin jandarma su tsorata shi. Ta uku, a kai shi wani gida da aka ba ka labari, inda ake sa mari. Na gode. Na lura dai raƙumi in ya yi ciwo ba ka ba da ko ɗaya a cikin ukun nan. Ban bi ko guda ba, kuma ga abin da aka yi.

Makon farko ya sha wuya. Gumi, amai, zawo, ciwon gaɓoɓi, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya. Ya yi kuka, ya yi fushi, ya roƙe ni rabin ƙwaya da muryar da ban taɓa ji ba. Majo Habsa ta ce in zauna kusa da shi, kada in yi wa'azi, in ya yi magana in saurara. Ka san wannan na ƙarshen ya fi komai yi mini wuya, malama ce ni.

Rana ta tara ya yi maganar. Ya ce ranar da ya fara noma hannunsa ya yi bororo kafin hantsi, samarin ƙauye suka sa masa suna Madam. Da safe ya ga baffansa na jefa wa Komanda abu a dusa, sai ya tuna abin da ka ce. Ya ce a ransa, in wannan ne sirrin bijimin, bari ya gwada. Ya fara da rabi. Rannan bai ji hannunsa ba, bai ji dariyarsu ba, bai ji brebe ba. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama uku, ranar gayya shi ma bai ƙirga ba. Ya ce ya so ya bari tun a mako na biyu, sai yabo ya fara zuwa, kuma shi bai taɓa ɗanɗana yabo ba. Ya ce ranar da Muna ta kai masa saƙon an ce ya yi ƙoƙari, ya ƙara guda.

Sannan ya faɗi abin da ya sa na rubuto maka wannan wasiƙar. Ya ce ya san ana kunyar ɗan fari, an gaya masa tun yana ƙarami. Amma shi a zatonsa tawa ta wuce ta al'ada. Yana ganin ina kiran ɗaliban mutane da sunansu, ina duba kayensu, ina dafa kansu, shi kuwa in ya shigo sai in dubi bango. Sai ya ɗauka ba kunyarsa nake ji ba, kunya yake ba ni.

Inna tana zaune a bakin gadon lokacin, ta zo da fura. Na dubi yaron nan a ido na kira shi da sunansa. Muryata ta fito kamar ta mai koyon karatu. Na sake kira. Inna ta rufe baki da gefen zane, na ce yau za a yi ta. Can ta ce ita ma nata ɗan farin, wato kai, shekara arba'in da shida ba ta kama sunansa ba, amma in kewa ta ishe ta takan sa kai cikin randa ta faɗa a hankali. Ta ce ita ba za ta sauya ba, ta tsufa, amma ba ta ji komai ba yau, kunnenta ya yi nauyi. Ka san wannan, in ka zo ka sha ruwan randar da ladabi.

Kada ka ɗauka ta sauka daga maganarta. Inna ba ta yi kuskure ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ce Uwar Gona ta zo ranar gayya, tabbas, amma ba hawa ta zo yi ba, kayar da shi ta zo yi don asiri ya tonu. Ta koma ƙauye ta sa aka yi wasa da la'asar, na je na gani. Goge ya yi goge, iskar ta hau ta, ta yi magana da wata murya mai kauri. Uwar Gona ta ce ita ba ta hawan dokin da aka ciyar da ƙwaya. Ta ce gonar da aka nome da tiramol ba da ita aka nome ba, kada a zo mata da kuka ranar girbi. Sannan ta bi samari ɗaya bayan ɗaya tana faɗin inda kowa ke ɓoye tasa, wannan a hula, wancan a cikin rediyo. Aka tara kwano guda. Kusan rabin ƴan gayyar nan, ashe, da bitamin suka zo. Ni ban ce na gaskata ba, ban ce ban gaskata ba. Na lura dai kwana uku kafin wasan Inna ta zagaya gidaje tana shan fura da iyayensu mata. Abin da mutumin Yamai bai yi ba a kwana uku da na'ura, mahaifiyarka ta yi shi kafin magariba. Majo Habsa ta karɓi biyar a cikin yaran, ta ce in Inna na son aiki akwai kujera.

Ɗanjimma ya zo ban haƙuri da zabi biyu. Ya rantse mai tallar ya ce masa na dabbobi ne zalla. Na ce to ai shi ya sa ya kama ɗan yayansa, tunda a gidan an riga an haɗa su aji ɗaya. Komanda yana nan, ya rame, ba ya son ganin kowa.

Yaron yana gida wurina. Duk mako muna zuwa wurin majo. Ta ce kada mu yi saurin cewa an gama, sha'awar takan dawo, wani lokaci bayan watanni, kuma in ta dawo gara ya sami wanda zai gaya wa. Zai maimaita aji in an koma. Jiya na ce ya ɗauko mini guga, ya ce wane guga. Baban Muna, saura kaɗan in yi guɗa. A takardar atelye yanzu yana cin huɗu, kuma ban taɓa ganin sakamakon da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

Abin da nake so gare ka guda ne. Ka nemi hutu ka zo kafin girbi. Ka zo da jakar aikinka saboda Komanda, shi ma ɗan gida ne kuma ba shi ya kai kansa Baleyara ba. Ka bar bulala a Ngigmi. Ka zauna da ɗanka, ba a fada ba, ba a waya ba, ka janye maganar bijimin nan da bakinka. Ni na yi nawa a gaban mahaifiyarka, naka bai kai nawa wuya ba.

Inna tana gaishe ka, ta cikin randa. Muna tana gaishe ka, ta ce ka zo mata da dabino. Nafi'u yana gaishe ka.

Ka ga, na rubuta. Hannuna bai karye ba. Nafi'u.

Matarka mai jiran zuwanka,
Saratu, Maman Nafi'u